Tsagar da Guduma Ba Ta Ji Ba

Akwai wani mutum, maƙeri, wanda ya yi wa mutanen garinsu gadar ƙarfe a kan rafi. Al'adarsa ce, in ya gama aiki sai ya bugi ƙarfen da guduma, ya kasa kunne. In amon ya fita sarai, ya ce ƙarfen lafiya lau yake. Haka ya yi wa gadar, ya shafa mata fenti, gari duka ya yi ta yabonsa.

'Yarsa Briskila kuwa tana aiki a birni, inda ake gwajin ƙarafa. Da ta zo gida, ta zo da na'urar aikinta. Na'urar takan harba wani siririn haske da ake kira leza. Hasken yakan ɗumama ɗan wuri farat ɗaya, sai wani amo da kunne ba ya ji ya ratsa cikin ƙarfen. In ya tarar da tsaga sai ya komo, hotonta ya fito a allon na'urar.

Briskila ta haska babban ƙarfen da ke ɗauke da gadar. Sai ga wani baƙin layi can cikin cikinsa.

Ta ce, "Baba, akwai tsaga a ciki. Don Allah a rufe gadar, a sake ƙarfen."

Ya ɗauki gudumarsa ya buga. Amo ya tashi garau. Ya ce, "Kin ji? Tun ba a haife ki ba kunnen nan yake mini aiki. Yanzu in je in ce wa jama'a na yi kuskure? Kada ki faɗa wa kowa."

Ta koma birni tana kuka, ta kuwa yi shiru don girmama mahaifinta.

Da damina ta yi tsakiya, ran kasuwa, amalanken shanu ya hau gadar da buhunan masara. Matar maƙerin tana biye da shi a ƙafa. Ƙarfen ya karye. Mai amalanken ya tsira, amma ruwa ya tafi da matar.

Da ruwa ya janye, maƙerin ya tsamo guntun ƙarfen. Fentin na nan yana ƙyalli. Cikin kuwa tsatsa ta cinye, daidai inda hasken ya nuna. Ya zauna a bakin rafin, ya yi kuka mai zafi.

Ga ma'anar misalin nan, 'yan'uwa. Ƙarfen shi ne zuciyarmu, fentin kuwa sunan kirki da muke da shi a ikilisiya. Gudumar ita ce gwajin da mukan yi wa kanmu, wanda kullum yake gaya mana abin da muke so mu ji. Hasken shi ne Maganar Allah. Ba ta fasa mu, amma tana shiga inda ido bai kai ba, ta nuna zunubin da muka ɓoye.

Abin da ya fi ba ni baƙin ciki, an nuna wa mutumin nan tsagar tun da sauran lokaci. Kunya ce kawai ta hana shi. In Ubangiji ya nuna maka tsagarka yau, ka tuba, ka gyara. Ba kai kaɗai kake bi ta kan gadar nan ba. Mutanen gidanka ma ta kanta suke bi.