Bunsurun Dagaci da Ganyen Kan Hanya

Masu ba da labari sun ce a garin Kukar Bagudu an yi wani dagaci, Malam Sallau, mai dogon rawani da gajeren hannu. Yana da mota guda wadda ta girmi babbar 'yarsa, kuma shi ke tuƙa abarsa, don direban da ya taɓa ɗauka malmala uku yake ci a zama ɗaya. Motar nan ba ta gardama a gida, sai an shiga mutane. Ta taɓa mutuwa a ƙofar gidan hakimi ranar taro, masu sayar da rake suka yi ta tura ta, shi kuwa yana ciki yana amsa gaisuwa kamar ba shi ake turawa ba.

Yana kuma da wani bunsuru da mutanen gari ke kira Sufeto. Direbobin ƙasar, in mota ta lalace musu, sukan karyo ganye su jera a kan hanya gaba da baya, don mai tahowa ya gani ya sassauta. To duk inda aka jera ganye tsakanin Kukar Bagudu da kasuwar Rimin Gayya, kafin a buɗe bonet Sufeto ya iso. Ya zagaya motar, ya saurari abin da ake faɗi, ya cinye shaida, ya kama gabansa. Da haka ya tara ilimin mota da na mutane wanda bakanike bai tara ba. Ubangidansa kuwa in ya ga ganye a hanya, hannu kawai yake ɗagawa ya wuce, wai dagaci ba ya tsayawa sai dai a tsaya masa.

Bayan abin kunyar ƙofar hakimi, Dagaci ya shiga neman inshorar ceton mota, wato takardar da in mota ta mutu maka a hanya, waya ɗaya za ka buga a turo janwe ta ja ka. Kamfanonin birni suka faɗi farashin da ya kai kuɗin bijimin sa. Sai ya ji labarin wani mai kwat da ke zuwa kasuwar Rimin Gayya ranar Laraba, yana sayar da tasa a kuɗin ɗan akuya, kuma da la'asar yake tashi. Dagaci ya dubi aljihunsa, ya dubi Sufeto. Sufeto kuwa ya san ma'anar wannan kallo, don Tanimu mahauci ya daɗe yana auna cinyarsa da ido.

Ranar Laraba da hantsi aka ɗaure shi a kujerar baya aka kama hanya. Suna isa Kwanar Marke, motar ta yi tari sau biyu, ta yi shiru. Dagaci ya fito ya duba gabas ya duba yamma. Bai buɗe bonet ba, bai karyo ganye ba. Ya shimfiɗa darduma a gindin marke, ya ɗaure bunsuru a reshe, ya zauna yana jan carbi. Wani direban akori-kura mai suna Nomau ya zo wucewa da albasa, ya sassauta ya tambayi ko lafiya. Dagaci ya ce lafiya lau, iska yake sha.

Sufeto ya yi lissafi. In motar ta huce ta tashi, kafin la'asar yana rataye a rumfar Tanimu. In ba ta tashi ba, Laraba ba ta ƙarewa. Wato ba motar ce abokiyar gabarsa ba, takardar ce. Sai ya gyara gemu ya ce, "Allah ya ja zamanin Dagaci, in an ba ni izini, akwai magana."

Dagaci bai yi mamaki sosai ba, don zamani ne da waya ma ke magana, kuma ya sha jin fadawan da akuya ta fi su tunani. Ya ce ya faɗi, dama zaman ya ishe shi. Sufeto ya ce tsoro yake ji kada abin da ya sami Alhaji Mantau mai hatsi ya sami ubangidansa. Dagaci ya ce, "Me ya same shi?"

Sufeto ya ce:

Alhaji Mantau mutum ne da ko allura zai saya sai ya nemi gyara. Shi ma ya sayi irin wannan takarda a hannun wani mai kwat, ya sa ta a leda, ya rataye ta a madubi kusa da laya. Wata rana ya ɗauko buhunan gero, motarsa ta mutu a Tudun Maƙera, taku talatin bayan inda kwalta ta ƙare burji ya soma. Ya fito da murmushi, ya buga waya. Wata mai zaƙin murya ta yi masa sannu har sau uku, sa'an nan ta tambaye shi ko a kan kwalta yake. Ya ce a kan burji. Ta ce ya juya bayan takardar. Can ƙasa, da rubutu kamar sawun kiyashi, an ce janwensu kwalta kawai take takawa.

Alhaji ya tuɓe babbar riga, ya sa kafaɗa, ya tura mota da geronta da baya har taku talatin. Ya sake bugawa yana haki. Mai zaƙin murya ta taya shi murna, ta ce janwe tana hanya. Azahar ta wuce, la'asar ta kawo kai. Da ya buga na uku, sai ta tambaye shi, don Allah, ko ya san wani bakanike a yankin, domin janwensu ta mutu a hanya kuma direbanta ya rasa mai jan sa.

Akwai wani tsoho mai faci, Jibo, da ke zaune a rumfarsa tun safe yana kallon wannan hidima. Ya kawo wa Alhaji ruwa a moɗa, ya bari sai da ya sha, ya ce araha ba ta ado, amma laifin ba na araha ba ne. Akwai ceton da ya fi wannan sauƙi a tasha, mutane ne ba sa son irin kuɗin da ake biyansa da shi, kamar dai Arzika Ba-tsayi. Alhaji ya ce, "Wane ne kuma Arzika Ba-tsayi?"

Jibo ya ce:

Arzika direba ne a tashar Rimin Gayya. 'Yan tashar suna da wata al'ada: kowane mako kowa ya jefa abin da bai fi kuɗin kwanon shinkafa da wake ba, Sarkin Tasha ya ba shi igiya guda ya ajiye a mota. Sharaɗin ɗaya ne, duk wanda ya ga ganye a hanya zai tsaya, ko da kuwa gawa ya ɗauko. Arzika ya ce shi motarsa ba ta lalacewa, kuma ba shi da lokacin zama yaron wani. Ba ƙin tsayawa kaɗai yake ba, in ya hango ganye sai ya saita taya ya take shi, ya danna oda, ya bar mutum da ƙura.

Ana nan, wata rana da bazara ya ɗauko kwandunan tumatir, fanbel ɗin inji ya tsinke masa a dokar daji da rana tsaka. Ya karyo kusan rabin bishiya ya jera. Direbobi suka soma zuwa. Kowanne ya sassauta, ya leƙo, ya ce masa sannu da hutawa, ya saita taya a kan ganyen a hankali, ya take, ya wuce. Kafin yamma tumatir yana tsiyaya ta ƙarƙashin mota, miya ta haɗu ba a hura wuta ba.

Washegari ya tafi wurin Sarkin Tasha Cindo, ya ce zai biya na shekara guda yanzu, har da ƙari, amma a ɗauke masa sharaɗin tsayawa, don shi mutum ne mai sauri. Cindo ya ɗauko igiya ya miƙa masa baki ɗaya, ya saki ɗayan a ƙasa, ya ce ya ja. Arzika ya ja, igiya ta biyo shi. Cindo ya ce, "To ka ga abin da kuɗinka zai saya. Igiya baki biyu gare ta. Wanda ba ya riƙe wa wani na gaba, ba mai ɗaura masa na baya."

Jibo ya karɓi moɗarsa ya ce wa Alhaji Mantau, "Kai ma baki ɗaya aka sayar maka, Alhaji, shi ya sa tun safe kake ja kana jawo iska."

Sufeto ya ce nan labarin ya tsaya, kuma ba a bakin wani ya ji ba, don shi ya ci ganyen Arzika ranar, darbejiya ce, har yau yana jin ɗacinta. Ya ƙara da cewa wanda ya ga gemun ɗan'uwansa ya kama wuta ya shafa wa nasa ruwa, kuma maganar gemu a bar wa masu shi.

Dagaci ya ajiye carbi, ya murtuke fuska, ya ce wato shi ne Arzika ke nan.

Sufeto ya ce, "Haba, ranka ya daɗe, wane Arzika. Ai shi ko ba komai ya jera ganye."

Dagaci ya ce ai ya gane, ba don Allah ake wannan wa'azi ba, don wuya ake yi. Sufeto ya ce ƙwarai kuwa don wuyansa ne, kuma bafaden da ya faɗi ribarsa ya fi wanda ya rantse ba shi da ita. Amma Dagaci ya duba: bunsuru sau ɗaya ake sayar da shi, takarda kuwa duk shekara sai an sabunta. Baɗi wa za a ɗaura a kujerar baya? Ga shi nan ma inda suke burji ne. Ko da takardar tana aljihunsa yanzu, sai ya tura mota har Rimin Gayya kafin mai zaƙin murya ta san da shi.

Dagaci ya dubi ƙasa, ya ga jar ƙasa ce kuwa. Ya tashi ya shiga mota ya murɗa makulli, ko ƙyas ba ta yi ba. Ya fito ya tsaya, rana ta karkata, ƙishirwa ta soma yi masa magana. Girman kai rawanin tsiya, in ji masu magana, amma ba su faɗi nauyinsa da azahar ba. Sai ya tattare riga, ya kama reshen marke ya karya. Rawaninsa ya maƙale a wani reshe ya warware har ƙasa, ya bar shi nan, ya je da hula kawai ya jera ganye gaba da baya.

Nan fa Sufeto ya shiga jarrabawar da bai taɓa shiga ba. Ga ɗanyen ganye, reshe guda har yana taɓa ƙafarsa, ga yunwa tun safe. Ya san in ya ɗanɗana sai ya cinye, in ya cinye ba mai tsayawa, in ba a tsaya ba duk wa'azinsa ya zama kukan akuya. Ya rufe ido ya juya wa ganye baya, yawu yana bin gemu.

Ba a daɗe ba sai ga akori-kura ta dawo daga kasuwa ba kaya. Nomau ne. Ya tsaya, ya fito, ya dubi ganye, ya dubi rawani a reshe, ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ta kamata, ya ce, "Ranka ya daɗe, iskar ce ta ƙare?"

Dagaci ya haɗiye wannan da ƙyar, ya ce ta ƙare. Nomau ya ce shi ma da damina ya sha irin iskar nan a wannan kwana, ruwa yana dukansa, har ya ga wani babban mutum ya wuce yana ɗaga masa hannu, amma ya manta ko wane ne. Duk da haka ganye ganye ne, zai ja shi yau. In kuwa ana so a riƙa jan sa kullum, sai ya zo tasha ya karɓi igiya kamar kowa.

Dagaci ya tambayi kuɗin, aka faɗa masa, ya ji ko rabin kunnen akuya bai kai ba. Ya tambaya ko zai iya naɗa wakili ya riƙa tsayawa a madadinsa. Nomau ya ce zai iya, sai dai ranar da abin ya faru, motar wakilin za a ja. Dagaci ya yi dariyar da bai shirya ba, ya ce ya ji ya karɓa, a rubuta sunansa, daga yau in ya ga ganye ko na rama ne zai taka birki.

Nomau yana ɗaura igiya ya ce saura abu ɗaya: sabon shiga yakan ɗan motsa wa 'yan tasha baki. Yana faɗi yana kallon cinyar Sufeto, irin kallon Tanimu sak. Sufeto ya dubi ubangidansa, ubangidansa ya dube shi, har sai da ya fara tuba daga duk ganyen da ya taɓa ci.

Dagaci ya ce, "Ƙwaryar goro zan kawo muku. Wannan waziri ne, ba a yanka waziri sai ranar da ya ba da shawarar banza."

Nomau ya ce to madalla, amma a ƙa'idar tasha wanda ya jera ganye shi ke kwashewa, kada na baya ya tsaya a banza. Dagaci ya ciro rawaninsa daga reshe, ya kwance bunsuru, ya nuna masa hanya ya ce, "Waziri, aikinka."

Kafin a gama naɗa rawani, hanya ta yi fes kamar an share.

Iyakar abin da ya zo mana ke nan. Wanda ya ce ƙarya ce ya je Kwanar Marke ya jera ganye, mai shaida zai iso ya tambaye shi da kansa, in ya same shi bakinsa ba kaya.