Inna Saude da Jirgin Zannuwa

Akwai wani saurayi mai suna Mas'udu, ɗan Furfuri ta ƙasar Bungudu. Kakarsa Inna Saude ce ta raine shi tun yana rarrafe. Da surfe da shiƙar hatsin mutane ta riƙe shi har ya gama sakandare. Yaro ne mai kai, wannan babu musu. Sai dai shi ma ya san yana da kan, kuma nan matsalar take.

Shekara biyu da samun jihar Zamfara, Gusau ta cika da sababbin ofisoshi, kowa na neman inda za a buga masa takarda. Wani mai motocin haya ɗan Tsafe, Alhaji Labbo, ya buɗe shagon kwamfuta a Tudun Wada, ya zuba na'ura biyu. Ya ɗauki Mas'udu aiki, ya kuma ɗauki wata budurwa mai suna Esta, 'yar wani ma'aikacin gwamnati, tana buga takardu.

A cikin ɗaya kwamfutar akwai wasan tuƙa jirgin sama. In aiki ya lafa, Mas'udu yakan zauna ya tashi jirgi ya sauke shi, samarin unguwa sun yi cincirindo a taga suna kallo. Ya ƙware ƙwarai. Har ya raɗa wa kansa suna Kyaftin. Wanda ya kira shi Mas'udu, sai ya yi kamar da bango ake magana.

Ana nan sai ƙanen Alhaji ya dawo daga Legas da wani ɗan baƙin faifan kwamfuta. Aka zura shi, sai ga wani jirgin ruwa irin na zamanin dā, ya shiga cikin wasan jirgin saman. Ba shi da inji ko kaɗan. Dogayen sanduna uku ne a tsaye, kowace an jera mata fararen zannuwa masu kusurwa huɗu, daga ƙasa har sama, kamar shanyar gidan suna. Iska ce kawai ke tura shi. Maɓallin da ke ba jirgin sama wuta, shi ne yanzu ke buɗe zannuwan.

A makon ne Alhaji Labbo ya zo ya ce zai buɗe ajin koyon kwamfuta, yana neman wanda zai damƙa wa shagon da ajin gaba ɗaya.

Ya ce, "Ni ban yi boko ba, amma na san direba. Ba na gwada direba da motar da ya saba. Wadda bai taɓa hawa ba nake ba shi, in zauna gefe in ga hankalinsa. Ran Asabar da safe zan zo. Ga jirgin ruwa a wasan nan naku, ga tasha can bakin teku. Cikin ku biyu, wanda ya kai shi, shi ke da makullin shago."

Mas'udu ya yi dariya. "Alhaji, wanda ya tuƙa a sama, ruwa zai gagare shi?"

Esta ta ci gaba da aikinta.

Kwana uku Mas'udu yana fama. Iskar wasan daga wajen tashar take busowa. Shi kuwa abin da ya sani a jirgin sama shi ne, ka fuskanci iska, ka ba shi wuta, ka tashi. Haka ya yi ta yi. Ya saita hancin jirgin ruwan da tasha, ya buɗe zannuwa duka. Sai zannuwan su manne da sandunansu, jirgin ya riƙa ja da baya a hankali kamar akuyar da aka ja wa igiya. Ya fara cewa faifan ne ya lalace a hanya.

Ran Alhamis da hantsi, Inna Saude ta sauka daga motar Bungudu da ƙullin sabon gero da daddawa a kai. Ta yi ta tambaya har ta gano shagon. Ta leƙa tana fara'a.

"Salamu alaikum. Ina maigidan nawa? An ce ya zama babban mutum, ya manta da amaryarsa ta ƙauye."

Wasan kaka da jika ne, kowa ya sani. Amma samarin suka kwashe da dariya, Mas'udu ya ji kamar an tuɓe masa riga a kasuwa. Ya dubi zanenta da ya koɗe, ya dubi ƙafarta da ta tsage.

"Inna, mi ya kawo ki nan? Nan wurin aiki ne. Ki jira ni bisa benci waje, ƙasar ƙafa na ɓata na'ura."

Wani cikin samarin ya ce, "Kyaftin, wace ce?"

"Wata tsohuwa ce daga garinmu."

Wata tsohuwa. Matar da ta tauna masa abinci kafin ya yi haƙori. Ta ji sarai, kunnenta lafiya lau yake. Ta sauke ƙullinta a bakin ƙofa, ta zauna a bencin, bayanta a miƙe.

Jim kaɗan Mas'udu ya fita kai takardu wani ofis. Esta ta taso.

"Inna, shigo ciki, ranar nan ta yi yawa."

Ta ba ta kujera ƙarƙashin fanka, ta kawo mata ruwa. Da yake babu aiki, Esta ta koma gaban jirgin tana gwadawa, shi kuma yana ta ja da baya yadda ya saba.

Inna Saude ta ƙura ido. "Ɗiyata, wa ya yi shanya cikin akwati?"

Esta ta yi dariya, ta yi mata bayani dalla-dalla, har da maganar makulli.

"To iskar daga ina take?"

Esta ta nuna wasu lambobi a saman gilashin kwamfutar.

"Ni ban san lamba ba. Waccan 'yar tuta da ke bisa sanda, ina jelarta ta nufa?"

"Baya, Inna."

"Ashe iskar a fuskarku take! Ke, wa ya taɓa yin shiƙa yana kallon iska? Ai ƙaiƙayin duk a idonsa zai ƙare. Kafaɗa ake ba ta."

"Amma Inna, tashar a gaba take. In na juya gefe ai na saki hanya."

"Kin taɓa ganin jaki da kaya ya hau tudu a miƙe? Gefe yake yi, ya juyo ya yi ɗaya gefen, can ki hango shi sama. Juya abinki."

Esta ta karkata jirgin, ta karkata zannuwan. Suka yi ɗan kaɗawa, sai suka cika suka yi tumbi. Ruwa ya fara tsagewa a gaban jirgin. Esta ta dafe ƙirji.

Inna ta ce, "In iskar ta sauya, ke ma ki sauya. In ta kwanta, ki aje ƙwarya ki zauna, za ta dawo. Ba mai yi mata gaggawa."

Suna cikin haka Mas'udu ya dawo, samarin na biye da shi. Esta ba ta ɓoye masa ba.

"Kyaftin, zo ka gani! Inna ta gano abin. Ba a fuskantar iskar, gefe ake ba ta."

Ko gilashin bai kalla ba.

"Esta, ke ma da iliminki? Tsohuwar da ba ta taɓa ganin teku ba, ko sunanta ba ta iya rubutawa, ita za ta koya mini tuƙi?"

Inna Saude ta miƙe ta gyara mayafinta.

"Gaskiyarka, ban ga teku ba. Amma in wagga da ke cikin akwatinka iska ce, mun fi shekara hamsin da sanin juna. Ga geronka nan bakin ƙofa."

Ta yi wa Esta godiya, ta sa mata albarka, ta kama hanyar tasha ita kaɗai.

Ran Asabar Alhaji Labbo ya zo, ya ja kujera ya zauna. Taga ta cika da kawuna. Mas'udu ne ya fara. Ya saita hanci, ya buɗe zannuwa, jirgi ya ja da baya. Ya sake, ya sake. Gumi ya jiƙa masa wuyan riga.

Kada ku ɗauka ya manta maganar kakarsa. Tana kunnensa, kalma bayan kalma. Ga 'yar tutar yana gani, ga maɓallin ƙarƙashin yatsansa. Amma samarin da suka ji abin da ya faɗa ranar Alhamis, su ne tsaye a taga. In ya juya jirgin, ya yarda tsohuwa ta fi shi sani ke nan. Ya auna makulli, ya auna sunan Kyaftin, ya ɗage yatsansa.

"Alhaji, faifan nan ya lalace."

Alhaji Labbo ya ce, "Direban da ya kasa, kullum mota yake zagi. Tashi. Esta, zauna."

Esta ta dubi tuta, ta juya jirgin gefe. Samari suka hau tsokana.

"Ta saki hanya! Esta, Tsafe za ki kai mu?"

Esta ta ci gaba da tuƙinta. Ta yi nisa, ta juyo, ta yi ɗaya gefen. Ana tsakiyar tafiya iskar ta kwanta, zannuwa suka saki jiki. Sai ta ɗora hannuwa a cinya ta zauna. Alhaji ya dube ta, ya gyaɗa kai. Da tuta ta motsa, ta ci gaba. Tafiyar ta fi awa guda, wasu samarin har sun gaji sun watse. A ƙarshe jirgin ya shiga tasha, ta naɗe zannuwansa ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya koya miki?"

"Kakar Mas'udu, Alhaji. Shekaranjiya ta zo."

Alhaji ya juya ya dubi Mas'udu.

"Kana da wannan a gida, ka zauna kwana biyar kana ja da baya?"

Ya ciro makulli ya miƙa wa Esta. Bai kori Mas'udu ba. Ya ce ya ci gaba da aiki, a ƙarƙashinta.

Washegari Mas'udu ya hau mota zuwa Bungudu, ya ƙarasa Furfuri. A masussuka ya same ta cikin mata, tana ɗebo ɗan ƙaiƙayi tana saki don ta ga inda iska ta nufa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe ta.

Ba ta dube shi ba. "Wa ke gaisuwa? Kyaftin ko Mas'udu?"

"Mas'udu ne, Inna. Na rasa makullin. Ki yafe mini."

Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta cika ƙwarya da gero ta miƙa masa.

"Tashi ka shiƙe."

Ya miƙe, ya ɗaga ƙwarya sama, ya tsiyayo. Ashe iskar yake kallo. Ƙaiƙayi ya turnuƙe masa ido da baki, ya hau tari, mata suka yi ta dariya har da tafi.

Inna Saude ba ta yi dariya ba. Ta zo ta bayansa, ta kama kafaɗunsa biyu da busassun hannuwanta, ta juya shi. Ya sake tsiyayowa. Ƙaiƙayi ya yi gefe, tsabar gero ta zuba fes a ƙwaryar ƙasa.

Ta ce, "Haka. To ci gaba, maigida. Saura dami tara."

Darasi: Ilimin da ya kai ka wani wuri ba lallai ya kai ka ko'ina ba, kuma rashin iya rubutu ba rashin sani ba ne. Wanda ya ji kunyar hannun da ya ciyar da shi, gaskiya za ta zo har ƙofarsa ya bar ta a benci, wani ya shigo da ita ya amfana. In akwai tsoho a gidanku, ku ba shi kujera ku saurare shi tun yana raye. Ku isar da wannan labari ga 'ya'yanku da ƙannenku, musamman waɗanda suka fara jin sun fi ƙarfin gida.