Ƙurar Gwiwar Dogo

Akwai wani ma'aikacin kwamfuta da ake kira Dogo, a wani kamfanin da ke ajiye wa makarantu sakamakon jarabawa. Sabar kamfanin, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da komai, tana can wani gari. Daga ofis suke shigarta ta intanet. Matsalar ita ce da zarar netwok ya ɗauke, duk aikin da ka sa yakan mutu a hanya.

Sai aka ɗauki wata sabuwar ma'aikaciya, suna ce mata Auta don ita ce ta ƙarshen zuwa. Ita aikinta ba ya mutuwa. Kafin ta fara komai takan buɗe tmux, wata manhaja da ke riƙe aikin a cikin sabar kanta. Ko netwok ya tafi, aikin na ci gaba, in ya dawo ta koma ta tarar da abinta.

Manaja ya shiga yabonta, Dogo kuwa ya shiga ciwon rai. Ko dariya ta yi, sai ya ji kamar da shi take.

"Yaya Dogo, zo in nuna maka, ba wuya," in ji ta.

"Tun kina firamare nake wannan aikin," ya ce, ya juya kujerarsa.

Ranar da iyaye ke jiran sakamako, Manaja ya raba musu makarantu su kwashe sakamakonsu zuwa sabon rumbun ajiyar bayanai. Kowa ya sa nasa. Auta ta fita alwala. Dogo ya dubi allonta yana ta gudu lafiya lau, hassada ta turnuƙe shi. Ya durƙusa ƙarƙashin tebur ya zare wayar netwok, ya ɗan jira, ya mayar.

Bawan Allah ya manta waya ɗaya ce ke ba su netwok duka biyun.

Auta ta dawo ta sake shiga sabar, ta kira tmux ɗinta. Aikin bai ko yi tari ba. Na Dogo kuwa ya mutu a tsakiya, rabin sakamako a tsohon rumbu, rabi a sabo, ga wayar ofis ta fara ƙara.

Auta ta jawo kujerarta kusa da shi, ta buɗe masa tmux, suka sake ɗora aikin tun daga farko. Ba ta tambaye shi komai ba, shi ma ya kasa haɗa ido da ita.

Da suka ji takun Manaja a baranda, sai ta rage murya.

"Yaya Dogo, kaɗe ƙurar gwiwarka kafin ya shigo."

Darasi: Wanda ya fi ka sanin wani abu ba maƙiyinka ba ne. Ka zauna ka koya, domin mugun nufi kan fara da mai shi. Tura wa abokan aikinka su ma su karanta.