Muryar Bahijja a Cikin Adaidaita

Akwai wani mawaƙi a Dukawuya, Muttaka, wanda matarsa Bahijja ta rasu ta bar masa 'ya guda, Ikram, 'yar shekara huɗu. Kamar yadda aka saba yi wa yara, aka ce mata Ummanta ta yi tafiya.

Muttaka ba mai kuka a gaban mutane ba ne. Situdiyo ya shige ya juye baƙin cikinsa a waƙa, ya fitar da kundi da kansa, ba kamfani ba ubangida. A farkon wata waƙa ya sa tsohon saƙon murya na marigayiya: "Abban Ikram, ga ni nan tafe, na kusa gida."

Gwaggo Turai, wadda ke riƙon yarinyar, ta saurara tun kafin a saki. Ta ce, "Muttaka, cire muryar nan. Ba kai kaɗai aka yi wa rasuwa ba."

Ya ce, "Gwaggo, ke dai ba ki san harkar waƙa ba. Wurin nan shi ne ran kundin."

Kuma kundi ya karɓu, ba laifi. Masu tura waƙa a waya suka yi ta rabawa, kan Muttaka ya ɗan fasu.

Ran nan da la'asar Ikram tana wasa a ƙofar gida, sai wani adaidaita ya gifta bakin lungu, waƙar tana tashi. Yarinya ta zubar da kayan wasa ta bi shi a guje ba takalmi, tana kiran Umma. Da ƙyar wani mai kayan miya ya fizgo ta daga gaban babur.

Labari ya kai wa Muttaka. Ya goge waƙar daga shafinsa, amma ina, ta riga ta shiga wayoyin da bai san adadinsu ba. Ikram kuwa ta tare a zaure, ko abinci sai an kai mata can.

Dole ya ɗora ta a cinya ya faɗa mata gaskiya, cewa Umma ta rasu, ba za ta dawo ba.

Ta girgiza kai ta ce, "A'a Abba. Da kunnena na ji ta, ta ce ta kusa gida."

Darasi: Mamaci ba naka ba ne kai kaɗai. Kafin ka fitar da baƙin cikinka duniya ta gani, duba na cikin gida da zai taɓa, kuma ka saurari manya. Ku tura wa 'yan uwa su karanta.