Igiyar Awon Ciki

Ga ta nan, ga ta nanku, ku gyara zama.

Ta zo mu ji ta, Baba.

Wata shekara tafki ya ƙafe, kwaɗi suka rame har ana ganin ƙashin bayansu. Sai Kurege ya kafa Ƙungiyar Ceton Kwaɗi, ya naɗa kansa shugaba. Ya je wurin Giwa, ya yi kuka, ya yi kuka, har ta buɗe masa rumbun gyaɗa.

To, kwaɗo ba shi da haƙori. Kurege ya ce, "Ku bari in tauna muku." Ya tauna, ya haɗiye. Ya tauna, ya haɗiye. Kullum sai ya ce kuskure ne.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa Giwa ta gaji da godiyar baki. Za ta aiko Hawainiya da igiya, a tara duk waɗanda suka ci taimako, a zagaye cikinsu gaba ɗaya. In igiya ta cika, madalla. In ta yi ragowa, Giwa za ta taka shugaba.

Kurege ya zabura. Ya ruga wurin Burduddugi, dattijon kwaɗi.

"Baba, ku rufa mini asiri. In mai awo ta zo, ku shaƙi iska ku kumbura."

"Gyaɗarmu fa?"

"Tana wuri mai aminci. In Giwa ta ji daɗi za ta ƙaro, kuma wannan karon tunkuza zan niƙa muku, mai laushi."

Yunwa ta sa suka yarda.

Da safe Kurege ya hango Hawainiya can gindin tsamiya. Tsoro ya sa ya yi gaggawa, ya daka tsawa, "Ku shaƙa!" Kwaɗi suka shaƙa, suka kumbura tim.

Hawainiya ta ɗaga ƙafa, ta tsaya. Ta mayar da ita baya, ta sake ɗagawa. Idanun kwaɗi suka fara firfitowa. Gumi ya keto wa Kurege.

"Malama, a ɗaga ƙafa mana!"

"Ai na ɗaga. Inda zan sauke nake nazari."

Ta taho, ta tsaya. Ta taho, ta tsaya. Da ƙyar ta iso. Kurege ya ce, "Ga su, auna, auna!"

Ta ce, "Haba, ba gaisuwa?" Ta durƙusa gaban Burduddugi. "Baba, an tashi lafiya? Ina iyali?"

Kun san dattijo ba ya ƙin amsa gaisuwa, ko da zai mutu. Ya buɗe baki, "Lafiya l..." Sai fuuus! Iska ta fice. Sauran suka kwashe da dariya, su ma fuuus, suka yamushe kamar tsohuwar salkar ruwa.

Hawainiya ta zagaye su da igiya. Ragowa ta zube a ƙasa, doguwa. Kurege ya dubi ragowar, ya ji kamar inuwar ƙafar Giwa a kansa. Sai ya daka tsalle, ya faɗa tsakiyar kwaɗi.

"Malama, wanda ya ci taimako aka ce a auna, ko? Na rantse na ci!"

Ta ja igiya. Tumbinsa ya cika ta tam, har bakinta bai haɗu ba. Hawainiya ta juya ido ɗaya ga kwaɗi, ɗaya ga Kurege, ta daɗe tana kallo.

Burduddugi ya ce, "'Yata, dube mu fa."

Ta ce, "Baba, igiya aka ba ni. Ba a ce in duba cikin wa ya fi ba."

Da Giwa ta ji sakamako, ta yi murna ƙwarai. Ta ce, "Alhamdulillahi, yunwa ta ƙare a tafki." Ta sa aka yaɓe bakin rumbu da laka.

Kurege ya tsira da ransa. Amma tun daga ranar kwaɗi suka tare a bakin raminsa, kowa da ƙoƙonsa. Da ya leƙo sai su ce, "Shugaba, ina tunkuza?" Sai ya koma ciki da sauri.

Ƙurunƙus kan ɗan kwaɗo. In za a auna ku da igiya ɗaya, yara, ku fara duba wanda ya tsaya a tsakiya.