Wasiƙar da Usta Sobhi ya bari

Akwai wani kafinta a birnin Dumyat na ƙasar Masar mai suna Usta Sobhi. Shekara goma sha huɗu ɗansa Wa'il yana sassaƙa kujeru a gefensa, bai taɓa jin "ka kyauta" ba. In baƙo ya yaba aikinsa, sai tsohon ya yi wuf ya ce, "Wannan? Katako kawai yake ɓata mini."

Ranar da aka binne Usta Sobhi, Wa'il ya ƙudurta sayar da shagon. A ganinsa hannunsa bai kai ba, tunda mai sana'ar ma ya faɗa.

Ana zaman makoki, ana zagawa da gahawa marar sukari, sai Ustaz Girgis, tsohon malamin Turanci na layinsu, ya zauna kusa da shi.

"Na ji za ka rufe shago."

"Kawu, ni fa mai ɓata katako ne."

"Kai dai sakarai ne. Kambun baka ubanka yake jiye maka! Ka taɓa ganin ɗan Dumyat ya yabi ɗansa a bainar jama'a?"

Ustaz Girgis ya zaro kwafin wata wasiƙa. Ashe da tsufa ya kama Usta Sobhi, ya zo wurinsa a rubuta wa wata Baturiya mai sayen kujerunsu wasiƙa, cewa Wa'il ne zai ci gaba da aikin.

"Kalmomin yabo uku na Turanci na kawo masa, yana cewa sun yi ƙanƙanta. Sai na ce akwai extol. Ba a ɓata ta a kan ƙaramin abu. Daga Latin ta fito, asalinta a ɗaga abu sama kowa ya gani. Ubanka ya buga tebur har shayina ya zube, ya ce, 'Ita! Ɗaga mini shi. Ya fi ni hannu. Amma in ka gaya masa, mun ɓata.'"

Wa'il ba ya jin Turanci. Yatsa kawai ya ɗora a kan kalmar, hawaye na zuba.

"Na gode, Kawu."

Washegari ya ɗaga ƙofar shagon. Kujerar da tsohon ya bari da ƙafa uku ita ya fara ɗauka.

Darasi: wani shirun ƙauna ce ta sa shi, amma kada ka bar yabonka a aljihun maƙwabci. Faɗa wa naka yau, ka kuma tura wannan ga wanda ka daɗe kana yabo a zuci.