Kaset ɗin Mama da Sabuwar Manhajar Auta

Ka taɓa jin muryar wanda ya rasu, har ka ji kamar yanzu zai ɗaga labule ya shigo?

Akwai wani saurayi, autan gidansu, da ya mayar da ɗakin ajiya situdiyo. Ya manna soso a bango, ya sayi makirfo da sifika, ya ɗora kwamfuta a kan tsohon teburin ɗinkin mahaifiyarsu, Allah Ya jiƙanta. Saura manhajar naɗar sauti.

Abokinsa ya ce ya fara da mai sauƙi. Auta ya taɓe baki. Shi sai mai tace sauti, wadda ke share kowace hayaniya ta bar murya tas.

A gidan akwai kaset ɗaya tak mai muryar Mama, tana waƙa tana ɗinki. Auta bai san ta ba, yana goye ta rasu. Da wannan kaset ya gwada manhajar. Ya kwafe shi, ya tace, ya yanke inda wani jariri ke tsala kuka, sannan ya goge kwafin farko, wai yana cin wuri.

"Yaya, jefar da tsohon kaset ɗin nan, zamani ya wuce shi."

"To, Injiniya," in ji yayarsa.

Ya kira Baba, ya kunna masa yana murmushi. Baba ya saurara har ƙarshe, kansa a sunkuye.

"Muryarta ce," ya ce. "Amma ina ƙarar keken ɗinkin? Ina kukan ƙofar nan da kullum take cewa in gyara? Kamar an kai ta gidan baƙi."

"Ai hayaniya ce, Baba. Har kukan wani jariri na cire."

"Wani jariri? Kai ne fa."

Auta ya juya kan teburi da sauri. Ya laluba kwamfuta ciki da bai, babu abin da ya rage na kwafin farko.

Yaya ta fita. Sai ga ta da kaset ɗin da tsohuwar rediyon Baba. Ashe a akwatinta ta ɓoye shi.

Keke ya fara ƙara, ƙofa ta yi kukanta. Can jariri ya callara ihu, waƙa ta tsaya, Mama ta yi dariya:

"Haba sarkin rigima, bari in ƙarasa hannun rigar nan mana!"

Ita ce maganar da ya taɓa jin ta yi masa, ita kaɗai. Hawaye suka ɓalle masa.

"Har yau bai daina ba," in ji Yaya, ita ma tana share ido. "Baba, wannan kukan ma a goge shi?"

Darasi: Sayi kayan aiki masu kyau, amma kada sabo ya sa ka raina tsoho, kuma kada ka taɓa goge asali. Tura wa wanda iyayensa ke raye, ya naɗi muryarsu yau, da hayaniyar gidan duka.